Hoton Ƙudan Jauro Buba

Me ya hana shi hawa keken nan? Yau fiye da shekara hamsin ina juya wannan tambaya, ban samo mata amsa ba. Keken lafiyarsa lau, tayoyinsa cike da iska, yana jingine da bangon ɗakinmu a Kakuri. Rido kuma ba nisan a zo a gani ba ne, in ya fita da sassafe kafin rana ta take yana can. Mijina Ayuba ya rasu bara waccan bai faɗa mini dalili ba. Har yau in na farka sai na miƙa hannu gefensa, in ji tabarma da sanyi, in zauna in yi kukana, sannan in tashi.

Ke Rahila, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana. Ni ban yi makaranta ba, amma na san abin da nake cewa. Duk wanda zai karanta wannan ya sani Rahila jikata ce, tana sayar da maganin dabbobi a Sabon Tasha. Jiya ta shigo mini da waya a hannu, wai wani mai shanu ya turo mata hoton ƙudan da ke cizon dabbobinsa. Ta ce, "Kaka, ke da kuka yi aikin ƙuda, leƙa kawai ki faɗa mini ko wane iri ne, mutumin yana jira."

Leƙa kawai. Na ce ta ɗauke mini wayar daga fuska. Ta yi dariya, ta ce ai ƙuda ƙuda ne. To, zauna ki ji.

Shekara shida ko bakwai kafin 'yancin kai aka kawo ni Kaduna amarya. Ayuba yana cikin waɗanda ake kira 'yan ƙuda, masu kamo tsando su kai ofishin da ke binciken ciwon barci da sammoren shanu. Mutane na yi musu dariya, ƙato da gemu yana bin ƙuda a guje. Ni ma da aka ce mini aikin mijina ke nan, kunya na ji. A lokacin nan inda kuke kira Television gonakin Gbagyi ne da kurmi, Sabon Tasha kuwa ko sunanta babu. In ka wuce tashar jirgi da 'yan gidajen Kakuri, daji ne har iya ganinka.

Ranar da na fara bin sa bakin rafin Romi, kayan aikinsa gaba ɗaya a jaka guda suke. Raga 'yar ƙarama da aka ɗinka da yadin gidan sauro, mariƙinta gwangwala. Baƙin ƙyalle mai faɗin zane. Ƙananan kwalabe masu marfin auduga, da matsefata, da gilashin dubawa wanda yake rataye a wuyansa da igiya. Ya ba ni baƙin ƙyallen ya ce in yafa a baya in riƙa tafiya a hankali a gabansa. Na yi tafiya mai tsawo kafin in gane ni ce abincin tarkon. Tsando baƙin abu mai motsi yake bi. Da ya sauka a bayana sai in ji iskar raga ta wuce kunnena. Na juyo na ce wa Ayuba, "Baban Lami, ashe don wannan ka auro ni?" Ya ce, "Da akuya nake yi, amma ke kin fi ta jin magana." Kwana biyu ban yi masa miya mai daɗi ba.

Ku kuna tsammani kaɗa raga ake yi kawai. Tsando ba ƙudan kasuwa ba ne. Yana zuwa ta baya, ƙasa ƙasa, ba ya yin ƙara, kuma in ka kai masa hannu daga sama ya tafi. Daga gefe ake ɗebo shi, a murɗa bakin ragar kafin ya gane. Sannan a sa yatsu biyu a riƙe shi ta ƙirji. In ka matse da yawa ka fasa shi, ofis ba sa karɓar fasasshe. In ka sassauta ya sulle, ko ya ɗana maka allurarsa. Na yi damina guda cur yatsuna ba su koyi wannan riƙon ba.

Aikin da ya zama nawa shi ne tankaɗe. Macen tsando ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, ɗa guda, fari kamar ƙwayar shinkafa. Da ta ajiye shi sai ya nutse cikin yashi, ya taurare ya yi baƙi. Waɗannan 'ya'yan ofis ke so, su ƙyanƙyashe su a keji. Ni nake durƙusawa ƙarƙashin kututturen da ya faɗi, inda inuwa ba ta gushewa, in ɗebi yashi da cokali in zuba a rariya. Kashin ɓera na kama da su, 'ya'yan ciyawa ma haka. Wata rana na cika gwangwani ina murna, Ayuba ya zazzage a tafin hannu ya duba ya ce, "Sannu da aiki, Saratu. Yau kin share wa ɓera makewayi." Ya nuna mini 'yan ƙulle biyu da ke gindin na gaskiya. Daga ranar ban sake kuskure ba, har ta kai sauran 'yan ƙuda na turo matansu in koya musu.

Rarrabe iri kuwa a kan tabarmar tsakar gida na koya. Na farko, ka san tsando ne ko ba shi ba ne, don akwai bobuwa da ƙudan shanu, duk suna cizo. Tsando in ya sauka yana haɗe fikafikansa ɗaya bisa ɗaya kamar almakashi a rufe, allurarsa a miƙe gaba, kuma in ka ɗaga fiffiken a rana za ka ga jijiyoyin sun zana siffar gatari a tsakiya. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne biyun da suka yi kama, na rafi da na daji. Dukansu da zane a ciki. Na rafi ya ɗan fi ƙanƙanta, kuma ba ya nisa da inuwar ruwa. Makiyayi in ya san mashayar da zai kauce wa, zai yi damina lafiya. Na daji kuwa babu ruwansa da rafi, yana bin garke duk inda ya sa ƙafa, kuma in ya shiga wuri, ko ka tashi ko ka binne shanu.

Bambancinsu na ƙarshe a ƙafar baya yake. Na rafi, sawun ƙafar baƙi ne gaba ɗaya, kamar ya sa safa. Na daji, can ƙarshe ne kawai baƙi, kamar ya taka toka. Ayuba yakan ɗora mini ɗaya a hannu ya ce, "Wane ne?" In na yi saurin amsawa, ko da na faɗi daidai, sai ya ce na faɗi. "Ba ki juya shi ba. Ba ki tambayi inda aka kama shi ba. Sa'a kika yi, ni kuma ba na aiki da sa'a." Sau nawa na ji wannan magana har ta gundure ni. Ki riƙe ta, Rahila, don za mu dawo kanta.

Ofis ke biyan Ayuba, amma masu zuwa ƙofarmu Fulani ne. Al'adarsu ce duk farkon damina su kamo ƙudan da ya dami shanunsu, su sa a ɗan zunguru su toshe da ganye, su kawo masa. Shi zai ce a zauna ko a tashi. Ba su taɓa zuwa hannu wofi ba, nono ko man shanu, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Babbansu Jauro Buba, dogo siriri, rugarsa na wajen Rido. Yakan zauna bakin ƙofa ya ce, "Malam Ayuba, ga baƙon naka na kawo, tambaye shi daga ina yake." Ayuba ya sa gilashi, ya juya ƙudan ciki da baya, ya tambayi Jauro a wane wuri ya kama shi, bakin ruwa ko fili, da hantsi ko da yamma, a jikin wace saniya. Wani lokacin duk da haka sai ya ce, "Gobe ina zuwa in gani da idona." Shekara huɗu Jauro na tafiya da maganarsa, ko maraƙi bai rasa ba ta dalilin ƙuda.

Shekarar da ta ɓaci ita ce wadda ake ta ginin masaƙa a Kakuri. A shekarar aka yi wa Ayuba helma, wato shugaban 'yan ƙuda, aka ba shi kaki da hula da keke sabo. An yi ruwan farko, Jauro ya zo da zungurunsa, ya tarar mun tafi aiki wani rafi, sai bayan kwana uku. Maƙwabta suka nuna masa hanyar ofis, ya haye gada ya je. Akwai wani akawu a can, Mista Bulus, mutumin kirki ne, sai dai yana son sabon abu. An kawo musu na'urar ɗaukar hoto mai ƙara wa ƙaramin abu girma. Ya karɓi ƙudan, ya soke shi da fil a kan kati, ya ɗauki hotonsa. Ya bar shi a kan tebur ya tafi gida. Duk ɗan ƙuda ya san ana tsoma ƙafafun tebur cikin gwangwanin kananzir saboda kiyashi. Akawu bai sani ba. Washegari fil kaɗai aka tarar.

Ranar da muka dawo, ban ko sauke kaya ba, sai ga Mista Bulus da Jauro, da rabin unguwa a bayansu. Kowa na son ganin hoto. Ƙudan ya cika takarda, ya kai girman ɗan tsako, gashin jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Mata na salati, yara na leƙe ta ƙarƙashin hammata. Mista Bulus ya ce, "Helma, ka huta da yawon daji. Daga yau kana zaune a inuwa za a riƙa kawo maka su. Ga shi, ya fi gilashinka nunawa."

Ayuba ya riƙe hoton ya daɗe. Ni ina tsaye a kafaɗarsa ina kallo. Almakashin na nan, gatarin na nan, tsando ne babu shakka. Amma girman fa? Hoto ya kumbura shi, ba ka sanin ƙarami ne ko babba. Launi babu, fari da baƙi ne. Ƙafar baya ɗaya ta shige ƙarƙashin fiffike. Ɗayar ta fito, baƙa ƙirin har sama, sai dai daidai nan inuwar jikin ta faɗo.

Na sunkuya na ce masa a kunne, "Baban Lami, ƙafar nan cikin inuwa take."

Ya ce, "Na gani."

"To ka ce masa gobe kana zuwa."

Ya ɗaga ido ya dubi Jauro. Jauro ya ce, "Malam Ayuba, 'yan'uwana sun ɗaure kaya. In tashi ne, jibi za mu kama hanyar arewa kafin rafuka su cika. In zama ne, ciyawar bana ban taɓa ganin irinta ba. Me baƙon ya ce?"

Mutumin da ya hana ni amsa ko da na faɗi daidai, mutumin da ba ya aiki da sa'a, ko inda aka kama ƙudan bai tambaya ba. Ya miƙa wa Mista Bulus hoton ya ce, "Na rafi ne. Ka kauce wa kurmin bakin ruwa, ka yi zamanka."

Aka watse ana yaba na'ura. Na shiga ɗaki na same shi yana cire takalmi. Na ce, "Ka juya shi?" Ya ce, "Takarda ake juyawa, Saratu? Bayanta fari ne." Na ce, "To ga keke." Ya ce zai je cikin mako. Mako ya wuce, aka tura su wani aiki, ruwa ya sauka sosai, rafuka suka cika. Na yi masa tuni sau uku. A na ukun ya ce in bar shi ya ci tuwonsa.

Sammore ba ya kashewa da sauri, shi ya sa ya fi muni. Saniya ta fara ramewa tana ci, gashinta ya tashi, ido na hawaye, ta riƙa zama baya in ana tafiya. Kafin makiyayi ya tabbatar, rabin garke ya kamu, hanya kuma ta rufe da ruwa. Labari ya riƙa iso mana ta bakin masu tallan nono, har suka daina biyowa ta layinmu.

Wajen lokacin kaka Jauro ya zo. Da rana tsaka ne, ina shanya barkono. Da ƙyar na gane shi, ya rame kamar shi ne ya yi ciwon. Ya yi sallama, ya zauna inda ya saba zama. Na kawo ruwa, ya karɓa ya ajiye bai sha ba. Wannan karon ba ɗan zunguru ya kawo ba, gora ce babba. Ya cire toshiyar ya zazzage a kan tabarma. Tsando matattu, tuli guda.

Ya ce, "Malam Ayuba, wancan karon ɗaya na kawo, wataƙila ya yi kaɗan. Ga su da yawa. Ka duba a hankali, ba na sauri. Babu sauran abin da zan koma in kora."

Ayuba ya ɗauki ɗaya, ya juya. Ko gilashi bai sa ba. Can ƙarshen ƙafa ne kawai baƙi. Ya ɗauki na biyu, na uku. Ni da nake tsaye nesa na gani. Ya ce, "Na daji ne."

Jauro ya ce, "Haka nake tsammani." Ya tashi, ya karkaɗe rigarsa, ya ce mini, "Uwargida, a gafarce mu, bana babu nono." Ya tafi ya bar gorar. Daga baya aka gane na dajin ya biyo shanun fatake ne da ake korowa kudu, ya sauka a wajen Rido a shekarar. Da Ayuba ya je ya tsaya a filin nan da baƙin ƙyalle rabin sa'a, da sun rufe shi.

Mista Bulus ya zo har gida hankalinsa a tashe. Ya ce zai gaya wa Baturen ofis laifin hoto ne, hasken bai yi kyau ba, kuma shi ya bar kiyashi suka ci ƙudan. Ayuba ya ce, "Hoto bai yi magana ba, Mista Bulus. Ni na yi." Da ƙafarsa ya je ya faɗa. Ba su kore shi ba, amma shi ya mayar da hular helma, ya koma riƙon raga tare da waɗanda ya koya wa aiki. Na yi masa faɗa a kan wannan ma, na ce mayar da hula ba zai tayar da saniya ko ɗaya ba. Ya ce ya sani.

Fulani suka ɗauke ƙafa daga gidanmu shekara uku. Da suka fara dawowa, ɗaya ɗaya, duk wanda ya kawo ƙuda sai Ayuba ya bi shi har ruga, ko ana ruwa. Keken nan da ya ƙi hawa rana guda, sai da ya tsufe a ƙarƙashinsa. Jauro kuwa bai sake zuwa ba. An ce ya koma kiwon shanun wani can wajen kudu. Ayuba ya je nemansa sau biyu bai same shi ba.

Hoton yana nan cikin akwatina, Rahila, ƙarƙashin zanen coci. Ayuba ne ya roƙi Mista Bulus ya ba shi. Na sha cewa zan jefa shi a murhu, ya hana. Na tambaye shi dalilin abin da ya yi, da lallashi da faɗa. Hular ce ta hau masa kai? Taron mutane ne ya ji kunyar cewa bai sani ba? Ko gajiyar kwana uku a daji? Ko ya ga Jauro na son zama ne, ya ba shi abin da yake son ji? Kullum sai ya ce, "Saratu, ƙafar baƙa ce a hoton." In ce, "Na sani, ina wurin." Shi ke nan, sai ya ɗauki rediyonsa.

Saboda haka ki kira mai shanun nan. Ki ce masa hoto ba ya nuna girma, ba ya juyuwa, ba ya faɗin inda aka kama shi. Ya kamo ƙudan, ba ɗaya ba, ya sa a kwalba ya kawo. Idona ya yi rauni amma naki na gani, zan nuna miki inda za ki duba. In ya ce yana sauri, ki ce ya yi saurin zuwa. Kada ki ba shi suna ta waya don kawai yana jira. Jauro ma jira yake yi.

Ki rubuta wannan na ƙarshe, sannan ki ba ni ƙyalle in share ido. Ranar da Ayuba zai tafi, ya kwana huɗu bai ce komai ba. Mun shimfiɗa masa tabarma a inuwar mangwaro da hantsi, don ɗaki ya yi zafi. Ina zaune ina yi masa fifita, sai wani ƙuda ya sauka a bayan hannunsa. Ƙudan gida ne, na kwata, ko yaro ya sani. Na ɗaga mafici zan buge shi. Sai na ji yatsunsa sun kama bakin zanena. Ya buɗe ido, ya dube ni sosai, irin duban da yake yi mini a kan tabarmar tsakar gida ina amarya, ya ce:

"Kada ki fasa shi, Saratu. Juyo mini ƙafarsa ta baya in gani."